Jinkar Da Ta Rasa Hayaƙi

Hinokidani, 9 ga Disamba

Zuwa ga maigidana, Baban Chizuru,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Yaya ƙarfin jiki, yaya hannun da ƙafar? Ina fatan masu jinya suna haƙuri da kai, don ko kana da lafiya ba kowa ke iya maka ba. Ni dai lafiya lau, sai tarin nan nawa da ya riga ya zama ɗan gida.

'Yarka Chizuru ta ce in riƙa buga maka waya. Na ce mata wayar me, mutumin da bakinsa bai saki ba tukuna? Amma likita ya ce idonka da kanka garau suke, to ga takarda. Shekara arba'in da ɗaya kana katse ni in na ɗauko magana, yanzu kuwa dole ka karanta har ƙarshe.

Dusar ƙanƙara ta sauka tun Litinin, kuma ka san abin da wannan ke jawowa. Jiya mota goma sha ɗaya ta sauke baƙi 'yan yawon buɗe ido. Sun cika gidan, takalma jibge a bakin ƙofa, kowa na ɗaga kai yana kallon jinka baki buɗe. Wani ya tambaye ni wai da gaske babu ƙusa ko ɗaya a rufin nan. Na ba shi amsarka, cewa shekara ɗari biyu da sittin ke nan igiyar karan shinkafa da ɗanyun rassa ke riƙe da shi, sai dai ban iya kumbura ƙirji irin naka ba. Wata kuma ta roƙe ni cikin ladabi in matsa gefe, wai agogon hannuna yana ɓata mata hoto. Na matsa, a tsakar gidan mijina.

Na san abin da kake son ji, don haka bari in faɗa. Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarka, kalma ɗaya ka iya fitarwa, kuma ba sunana ba ne. "Wuta" ka ce. Na riƙe wannan, za mu yi shari'arsa in ka dawo. Ina hura murhu kowace safiya. Ba sai ka sake yi mini karatun ba, na haddace: hayaƙi ke busar da shuci, shi ke kashe ƙwari, shi ke ƙara wa igiya tauri. Itacen da ka faskara zai kai ni sabuwar shekara, daga nan zan gwada ƙarfina da gatarinka. Abokinka Genzo, sarkin baibaya, ya ce zai riƙa zuwa yana yi mini faskare. Na ce ya bari, mutum mai shekara saba'in da huɗu ya ji da nasa murhun.

Maƙwabciyarmu Shigeko tana gaishe ka. Ta mayar da zauren gidanta shagon gasasshiyar awara, layi har bakin gada. Ta nuna mini wata fitilar lantarki da ta ajiye a murhunta, ja wur kamar garwashi, an ɗora mata itacen ƙarya. Na yi dariya har na ƙware.

Ka ci abin da suka ba ka, ko da babu gishiri. Ka dage da motsa ƙafar nan, ina son bazara ta same ka a gida.

Matarka,
Fusae

Hinokidani, 17 ga Agusta

Baban Chizuru,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan ka saba da sabon wurin. Na ji daɗi da aka mayar da kai gidan jinyar da ke kusa da Chizuru, ko ba komai tana leƙa ka kullum. Na so in faɗa maka haka da na zo makon jiya, amma sa'a uku a mota, in na iso na gan ka cikin keken nan sai harshena ya ɗaure. Ni da ake cewa ba na shiru.

Rubutunka na hannun hagu ya fara karantuwa. Da ka rubuta "wuta?" a ɗan allonka na gyaɗa maka kai, ka gani ai. Kada ka sa damuwar gida a ranka, ka ji da ƙafarka.

Mun yi bikin tunawa da magabata. Na share kabarin Baba da na Inna, na kai musu furanni da shinkafa, na shaida musu cewa ɗansu yana nan da taurin kansa. Baƙi kuwa bana sun ninka na bara. An faɗaɗa wurin ajiye motoci har ya cinye gonar da kuke yankan shuci kuna samari. Gidan Kanji na bakin rafi ya zama masauki, shi kuma ya koma birni wurin ɗansa.

Ka lura tarina ya tafi? Chizuru ta ce har na yi ƙiba. Wataƙila iskar bana ce ta karɓe ni.

Damina ta yi nauyi, kwana ashirin ba mu ga rana ba. Akwai ɗan danshi a bene ta gefen arewa, na ajiye roba a wurin. Ba wani abu ba ne.

Likita ya ce sai ka ƙara wani hunturun a can, saboda tudun ƙofarmu da sanyi. Na san ranka ya ɓaci. Gidan yana nan, ba inda zai je.

Taka,
Fusae

Hinokidani, 26 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. An gaya mini kana tsayawa da sanda yanzu, madalla. Yau shekara biyu cif da faɗuwarka. Ka sa su gyara maka zama kafin ka ci gaba da karatu, kuma kada ka ba Chizuru takardar nan.

Na yi maka ƙarya. Wasiƙun da na yi ta aiko maka bara da bana, da duk gyaɗa kan da na yi a gabanka, ƙarya ce. Murhunmu ya mutu tun watan Janairun farko bayan tafiyarka.

Itace ya ƙare kamar yadda na lissafta. Na ɗauki gatari, kwana uku wuyan hannuna ya kumbura. A makon ne kuma wata baƙuwa ta fita da 'yarta tana tari kamar za ta shiɗe, uwar na faɗa wai muna shaƙe mutane. Da yamma sai ga Shigeko da irin fitilar nan tata a leda. Ta ce, "Ke Amarya, ki huta wa ranki mana, wa zai sani?" Na ce to, na mako ɗaya, kafin hannuna ya saɓe.

Zan iya tsayawa a nan in ɗora wa hannu da baƙi laifi, amma ba shi ke nan ba. Safiya ta uku na tashi idona ba ya ruwa. Na buɗe akwati, kayana ba sa warin ƙauri. Na ja numfashi har ƙasan ƙirjina, abin da rabona da shi tun ina budurwa a garinmu na bakin teku. Na ji daɗi, Baban Chizuru. Shekara arba'in da ɗaya ina ƙin hayaƙin nan ban taɓa faɗa maka ba, don na ga yadda kake kallonsa in yana hawa sama. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Ina girkina a kan gas a ɗakin baya, baƙi suna ɗaukar hoton fitila suna yaba garwashi. Abin da Shigeko ba ta gaya mini ba shi ne, ita jinkarta sabuwa ce, kuma sau biyu a shekara wasu ma'aikata na zuwa da inji su turara mata ita. Ban ce ta ɓoye da gangan ba. Ni ce ban tambaya ba, don ba na son jin amsar.

Ranar Laraba Genzo ya zo wucewa, ya tsaya ya daɗe yana kallon gefen arewa. Sai ya ɗauko tsani. Ya cusa hannu cikin shucin, hannun ya shige har kafaɗa. Abin da ya zaro baƙi ne, jiƙe, tsutsotsi na motsi a ciki. Ya sunsuna, ya sauko, ya goge hannu a wando. Ya ce, "Amarya, yaushe rabon gidan nan da hayaƙi?" Shekarata sittin da biyar suna kira na Amarya, ban taɓa jin nauyin sunan ba sai ranar.

Ya ce da an ci gaba da wuta, da jinkar ta ƙara shekara bakwai. Yanzu sai an sake ta gaba ɗaya a watan Afrilu, in igiyoyin sun iya fitar da hunturu. Na hura wuta a ranar, tana ci har yanzu, tarin ma ya dawo. Genzo ya ce in ci gaba, amma kada in yaudari kaina.

Sai maganar gayya. Na yi ta yadda kuke yi, ban buga wa kowa waya ba, na san wannan cin fuska ne. Na sa baƙar rigar da na sa a jana'izar Inna, na bi gida gida, na sunkuya a kowace ƙofa na ce gidanmu na Nagase yana roƙon hannunku. Ƙofa talatin da huɗu na bi. Ashirin daga ciki shaguna ne da masaukai, ma'aikatan duk 'yan birni. A tsohon gidan Kanji, wanda ka hau jinkarsa da zazzaɓi a jikinka, na gama sunkuyo na ɗago sai wata yarinya ta tambaye ni ɗaki na mutum nawa nake so.

Ka fi ni sanin cewa aikin yana son mutum ɗari da ashirin a yini ɗaya, don ba a yaye jinka a bar ta ta kwana. Na samu ashirin da uku, ƙaraminsu yana da shekara hamsin da takwas. Waɗanda ka yi wa gayya, wasu suna maƙabarta, wasu suna birni. Genzo ya ce zai rubuta wa 'ya'yansu da hannunsa, wataƙila kunya ta kawo wasu.

Ba na neman ka yafe mini yanzu. Na dai gaji da gyaɗa kai.

Matarka,
Fusae

Hinokidani, 11 ga Fabrairu

Baban Chizuru,

Ina gaishe ka, ina fatan sanyin nan bai taɓa ka ba. Chizuru ta ce tun watan Oktoba ka daina rubutu a allo in an ambaci sunana. Na ji, kuma ban ga laifinka ba. Amma akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina kafin wani ya kawo maka shi.

Genzo ya faɗo daga jinkarmu.

Ƙanƙarar bana ta wuce tsayin mutum. A da in ta taru takan zame da kanta, amma ruɓaɓɓen shuci riƙe ta yake yi, har azara ta fara ƙara. Ranar Lahadi da hantsi ya iso da shebur. Na tare shi a gindin tsani, na roƙe shi, har rigarsa na riƙe. Ya ce in sake shi, in ba a rage nauyin nan ba gidan ba zai ga Afrilu ba. Ya ce, "Mijinki ya hau tawa sau biyu, ni sau ɗaya na hau tasa."

Bai yi rabin sa'a a sama ba ƙafarsa ta burma. Ya kai hannu ya kama tsaiko, igiyar ta tsinke kamar zaren da ya sha ruwa. Ta cikin gida ya faɗo, ya karya katakon bene, ya sauka a gefen murhu, ƙanƙara da baƙin shuci suka biyo shi. Ina waje na ji ƙarar. Akwai baƙi a kan hanya suna ɗaukarsa hoto tun yana sama, wasu ba su sauke hannu ba har aka fito da shi.

Yana raye. Ƙugu ya karye, da ƙashin baya wuri biyu. Likita ya ce in ya yi sa'a zai taka, amma shi da tsani har abada. Na je asibiti na durƙusa a gefen gadonsa, goshina a ƙasa. Bai bar ni na gama ba shi haƙuri ba ya hau tambaya ko na rufe shucin da aka yanka kada ya jiƙe. Matarsa Umeno kuwa ba ta zage ni ba. In mun haɗu takan sunkuya ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo, ta wuce. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

An rufe ramin da tamfol mai shuɗi. Kwana biyu sai kwamitin ƙauye ya aiko cewa shuɗin yana ɓata wa masu kallo daga kan tudu, a sa ruwan ƙasa. Na sa. An hana baƙi shiga, gidan ya yi tsit, ni kaɗai da wuta da iskar da ke kaɗa tamfol.

Wasiƙun Genzo sun kawo mutum goma sha ɗaya. Ko da sun kai ɗari, babu wanda ya iya ɗaurin ƙololuwa a ƙauyen nan sai shi da kai. Gayya ta mutu, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa.

Ba na iya cin abinci sosai. Ina tsoron damina.

Fusae

Hinokidani, 2 ga Yuni

Zuwa ga maigidana, Baban Chizuru,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya ƙafar? Chizuru ta bugo jiya. Ta ce kana yin taku arba'in da sanda ba tare da an riƙe ka ba, kuma ka rubuta wa likita cewa iyakar abin da kake buƙata ke nan, daga ƙofar gida zuwa murhu. Ta ce an sallame ka, ranar goma sha biyu ga wata za ta kawo ka. Ta ce ita ba za ta iya faɗa maka ba, ni na ɗaura, ni zan kwance.

An gama jinka. Sabuwa fil, launin zuma, ana hango ta tun daga gada. Wani kamfani ne ya yi, mutum goma sha biyar cikin mako uku, da ƙarafan hawa da inji. Sun iya aiki, ba zan ƙi gaskiya ba. Ba a dafa wa kowa abinci ba, ba a yi waƙar ɗaurin ƙololuwa ba, ƙarfe biyar na yi sukan shiga motarsu.

Za ka tambaya wa ya kawo su. A watan Maris wata jami'a ta zo daga hukumar adana kayan tarihi, mace mai ladabi, har tsaraba ta riƙo. Ta zaga gidan da fitila, ta zauna ta gaya mini gaskiya, cewa in damina ɗaya ta ƙara sauka a kansa haka, ginshiƙan ma za su tafi. Ta ce hukuma za ta gyara komai, ta kula da shi har bayan ranmu, da sharaɗi ɗaya. Gidan zai zama nata, kuma ba mai kwana a ciki.

Kwana tara takardar tana kan tabarma ina zagaya ta. Na koma wurin kwamiti, na rubuta wa ƙanenka, na je har ƙauyen da ke bayan dutse neman mai baibaya, na tarar nasu ya rasu bara. A rana ta goma na buɗe aljihun teburinka na ɗauko hatiminka na buga. Ban zo na tambaye ka ba, don na san za ka ce a'a, kuma na san gidan zai faɗi. Na zaɓi ya tsaya babu mu. Wataƙila kai da ka zaɓi ya faɗo a kanmu, kuma ban tabbata kai ne mai kuskure ba.

Na kwashe kayanmu a watan Afrilu. An ba mu ɗaki biyu a ginin sumuntin da ke ƙasan wurin ajiye motoci, a hawa na ƙasa, babu tudu ko ɗaya, kekenka zai shiga ko'ina. Akwai ɗumi. Na kawo allunan sunayen Baba da Inna da na kakanni, na ba su wuri mafi kyau, ina ba su haƙuri kowace safiya. Tagar ɗakinka rafi take kallo. Na zaɓe ta ne don ba a ganin gidan daga nan, in kana son ɗayar sai mu sauya.

Sun roƙi in bar musu tukwane da akwatin Inna da rigar ruwanka ta ciyawa, na bari. An rubuta bayani a ƙarƙashin kowanne cikin harsuna huɗu. An gitta igiya a ƙofar ɗakin da aka haife ka, ana leƙawa amma ba a shiga. A bakin ƙofa an kafa allo mai cewa iyalin Nagase sun zauna a nan tsara goma sha ɗaya. Na tsaya na karanta "sun zauna" sau da yawa.

Genzo ya dawo gida a keke. Ya sa an tura shi har gindin gidan, ya daɗe yana duban ƙololuwar, ya ce ba laifi. Yana tambayar ranar zuwanka.

Ina kewarka, Tokuji. Ban taɓa kiran sunanka a takarda ba, yau na kira. Na kashe maka wuta, na karya maka aboki, na ba da gidan ubanka, duk a cikin shekara biyu da rabi da ka juya baya. In ka ce ba ka son zama da ni, Chizuru tana da ɗaki, ba zan ja ba. In kuma ka zo, na shimfiɗa maka gado, na jiƙa irin kabejin da kake so.

Na san wurin da za ka ce a fara kai ka. Na roƙi jami'ar a bar ka ka zauna a gefen murhu ko na rabin sa'a ne bayan an tashi, ta ce za ta tambayi na sama da ita, har yau ba amsa. Abin da na samu dai shi ne ba za a karɓi kuɗin shiga a hannunka ba. Ana buɗewa ƙarfe tara, a rufe ƙarfe huɗu. Ka ce wa Chizuru ku taso da sassafe, don in motoci suka riga ku isowa sai ka bi layi, kuma ƙafarka ba za ta jure tsayuwa ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Fusae